Yadda Ake Koya wa Yara Maza Mutunta Mata a Makarantar Sakandare: Aikin Zango Ɗaya

Abin da makarantu da yawa suka saba shi ne, idan 25 ga Nuwamba ta zagayo, ranar da aka ware don yaƙi da cin zarafin mata, sai a tara ɗalibai gaba ɗaya a filin asambili, baƙo ya yi jawabin minti 40 a cikin rana, a ɗauki hoto, a watse. Washegari yaron da ya saba fizgar hijabin 'yan mata a bakin famfo yana nan yana abinsa. Ya san ba kyau, tun a gida aka gaya masa. Yana yi ne saboda abokansa suna dariya, kuma bai taɓa ganin sa'ansa ya hana wani ba. Don haka aikin yana buƙatar zama a kai a kai da yara kaɗan, a gaban abokan nan nasu, har bakin kowa ya saba da cewa "kai, bari."

An gwada wannan a unguwannin talakawa na Nairobi, inda ƙungiyar Ujamaa ta riƙa yi wa samari 'yan sakandare zama 6, kowanne na awa 2. Da aka bibiye su bayan watanni, sai aka tarar sun fi waɗanda ba su halarta ba shiga tsakani idan sun ga ana cin zarafin mace. Tsarin da ke ƙasa na zama 10 ne, an auna shi da zangon karatunmu, don 'yan aji 2 da 3 na ƙaramar sakandare da 'yan aji 1 na babba.

Kafin a tara yaro ko ɗaya

Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2014 ya nuna yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 a Nijeriya an yi lalata da su ko an nemi yi kafin su cika shekara 18, kuma waɗanda suka samu taimako ba su kai 5 cikin 100 ba. Ke nan duk ranar da aka buɗe wannan magana a aji, a sa rai wani zai tsaya bayan an tashi ya ce, "Malam, ina son ganinka." Makarantar da ba ta shirya wa wannan rana ba, gara ta dakata.

Shirin kuwa shi ne firinsifal ya naɗa mutum biyu masu karɓar ƙorafi, malami da malama, a sanar da sunayensu a asambili, a rubuta a allon sanarwa. A ba su littafi mai bango, a ajiye shi a durowa mai makulli, kuma a riƙa rubuta lamba a madadin sunan yaro. A shafin farko a rubuta asibiti mafi kusa, ofishin 'yan sanda da sashensu na mata da yara, ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, da lambar wayar mutum takamaimai a kowanne. Inda akwai cibiyar kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, ita ake fara nufa: Waraka a asibitin Murtala na Kano, cibiyoyin Salama a jihar Kaduna, cibiyar Nana Khadija a Sakkwato. Malaman nan biyu su je da ƙafarsu su ga wurin tun kafin buƙata ta taso.

Akwai lissafin lokaci da dole su haddace. Maganin da ke hana ƙwayar cutar ƙanjamau kama jiki sai an fara shan sa cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har kwana 5. Idan abin ya faru yanzu, kada a yi wanka, kada a wanke kayan da ke jiki; a naɗe su a takarda, domin leda tana riƙe danshi ta lalata shaida. In ma an riga an yi wankan, a tafi asibiti duk da haka. Kwanakin nan uku a wajen "bari mu jira mahaifinta ya dawo" da "a kira mai unguwa a sasanta" suke salwanta. Makaranta ba ta da hurumin sasanta fyaɗe. Idan kuma malami ake zargi, a raba shi da ɗalibai nan take, a kai rahoto hukumar ilimi a rubuce. Canja masa makaranta shiru-shiru miƙa masa wasu yaran ne kawai.

Sai jama'ar gari. Mako 2 kafin a fara, a zauna da kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC), shugabannin ƙungiyar iyaye da malamai, limami, da fasto inda akwai ɗalibai Kirista, da mai unguwa. A miƙa wa kowa takarda ɗaya da Hausa mai ɗauke da batutuwan zama goman. Wani dattijo zai tambaya, "Malam, wannan ba buɗe wa yara ido za ku yi ba?" Kada a ji haushi, tambaya ce ta uba. A karanta masa takardar layi-layi, a ce, "Baba, ku zaɓo mana mutum biyu daga cikinku su zauna a zaman farko." Shirin da aka ɓoye wa iyaye, jita-jita ce take kashe shi a mako na uku. A Nijar, Makarantar Mazaje, wato shirin wayar da kan magidanta a kan lafiyar matansu da aka fara a yankin Damagaram, ta karɓu ne saboda magidantan gari masu mutunci su ne suke ɗaukar maganar zuwa ga 'yan'uwansu.

Wa zai jagoranta, kuma da yara nawa

Malamai maza biyu, ɗaya yana jan zaman, ɗaya yana lura da fuskoki. Kada a ba malamin ladabtarwa. Wanda ya zane yaro da safe ba zai zaunar da shi da rana ya ce ƙarfi ba ya ba mutum iko a kan jikin wani ba. Yaron abin da ya gani zai ɗauka. Wannan ya sa maganar bulala take shigowa ko ba a so. A gundumar Luwero ta Yuganda an gwada wani tsari na ƙungiyar Raising Voices a makarantun firamare 42, aka samu dukan da malamai ke yi wa ɗalibai ya ragu da kashi 42 cikin 100, ta hanyar kafa dokokin aji tare da yara da kuma horon da ba na duka ba. Aƙalla dai masu jagorantar wannan zama su ajiye bulala har zangon ya ƙare.

Su kansu malaman sai sun zauna kwana 2 ko 3 sun yi kowane darasi a tsakaninsu. A nan ake gane wanda a ransa yake ganin shigar yarinya ce take jawo mata. Irin wannan ko ya haddace takarda, ranar da yara suka matsa shi da tambaya abin da ke ransa zai fito.

Yara 20 zuwa 25 sun isa. In sun wuce 30, biyar ne za su yi ta magana, sauran su zama 'yan kallo. A haɗa sa'o'in juna, domin ɗan aji 2 ba zai buɗe baki a gaban siniyansa ba. Wajen zaɓe ana yawan yin kuskure iri biyu: a kwaso fitinannu zalla, sai zaman ya zama horo, ko a kwaso salihai zalla waɗanda ba mai jin maganarsu. A nemo waɗanda ake bi: kyaftin ɗin ƙwallo, mai ba aji dariya, firifet ɗaya ko biyu, mai jan sallah a masallacin makaranta, sannan a cika da sauran. A jera bencina a zagaye, malam ma ya zauna. Sau ɗaya a mako, minti 70 zuwa 80, wato darasi biyu a haɗe, a lokacin kulob. Kada a ci musu lokacin tara ko na ƙwallo, za su zo da gaba. Kayan aiki ba su da yawa: kwali 10, maka, alli, da ƙananan takardu.

'Yan mata kuma a yi musu nasu zaman da malama a daidai wannan lokaci. A makarantar maza zalla, a bar wannan, a ƙara nauyi a kan gida, unguwa da ɗakin kwana.

Zaman farko zuwa na huɗu

Zaman farko na doka ne, kuma yaran ne za su kafa ta: ba a kama sunan kowa a labari, ba a yi wa mai magana dariya, wanda ba ya son magana ya ce "na wuce." Malam ya faɗi iyakar sirri ƙarara: "Abin da kuka faɗa a nan ba zai fita ba, sai in wani yana cikin haɗari, shi kam dole in nemo masa taimako, amma zan fara gaya masa." Kada a fara da kalmar fyaɗe, kada kuma a fara da "ku maza ku ne matsala." Yaron da aka tuhuma tun daga bakin ƙofa kare kansa zai yi ta yi har zango ya ƙare.

Zama na biyu shi ne agogon yini. A raba su rukuni huɗu, kowane rukuni ya zana layi biyu a kwali daga asuba zuwa barci, ɗaya na yaro, ɗaya na ƙanwarsa ko yayarsa, a cika awa-awa: ɗiban ruwa, shara, wanke-wanke, raino, talla, islamiyya, ƙwallo, majalisa, bitar karatu. Sai a ƙirga awowin hutu da na karatu a kowane layi. Malam ba sai ya yi sharhi ba, lissafin ya ishe su. Wani zai ce, "Ai mu ma muna zuwa gona da kasuwa." Gaskiyarsa, a rubuta. Aikin gida na makon: kowa ya ɗauke wa 'yar'uwarsa aiki ɗaya na kwana 3, ya dawo ya faɗi abin da mutanen gida suka ce. Wasu za su dawo da labarin cewa mahaifiya ce da kanta ta kore su daga madafa, kuma wannan ma abin tattaunawa ne. A nan ake kawo hadisin Nana A'isha cewa Annabi (SAW) yana taya iyalinsa aikin gida, da wanda ta ce bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba.

Zama na uku, a zana babban akwati a allo, a tambaya me ake cewa namiji ya zama. Za su cika shi: ba ya kuka, ba ya tsoro, yana da kuɗi, ba a raina shi, mace ba ta juya shi. A wajen akwatin a rubuta sunayen da ake kiran wanda ya fita: rago, matsoraci, mijin-ta-ce, ɗan daudu. Za a yi dariya sosai, a bar su su yi. Bayan ta lafa sai a tambaya: me yaro yake aikatawa don kada a kira shi da waɗannan? A nan ake jin faɗa, ƙwaya, shiga daba, tare 'yan mata a lungu. Wannan zama shi ne ginshiƙi, domin a nan yaro yake gane cewa akwatin shi ma yana matse shi. Kada a goge komai a ce sharri ne. Jarumta da ɗaukar nauyi abin so ne, sai a tambaye su wane ne jarumi tsakanin mai tsokana da mai hanawa.

Zama na huɗu taswira ce. Su zana makaranta da hanyoyin zuwa gida, su sa jan maka a inda ake takura wa 'yan mata ko ƙananan yara: bayan banɗaki, bakin famfo, tashar adaidaita sahu, kangon da ba a gama ba, shagon caji. 'Yan mata su zana tasu daban. Idan aka ajiye biyun gefe da gefe, ta matan takan fi ja nesa ba kusa ba, kuma mazan sukan yi mamaki da gaske. A kai wa firinsifal da SBMC, a gyara ko abu ɗaya ne cikin mako 2, ko ƙyauren banɗaki ne ko malamin da zai tsaya a bakin ƙofa lokacin tashi. In ba a gyara komai ba, yaran sun gane wasa ake.

Zama na biyar zuwa na bakwai

Na biyar a kan iyakar jikin mutum ne. A share tsakiyar aji, kusurwa ɗaya "na yarda," ɗaya "ban yarda ba," malam ya karanta jimla, kowa ya taka zuwa inda yake, ya kare matsayinsa. Jimlolin su zama na unguwa: "Idan na saye wa mai talla kayanta duka, dole ta shigo zaure ta karɓi kuɗinta." "Yarinyar da ta karɓi kyautar saurayi ta ci bashi." "Idan mace ta ce a'a, jan aji ne." "Wadda ta fito da dare ita ta jawo wa kanta." Malam ya bar waɗanda ke ɗaya kusurwar su amsa, domin maganar aboki ta fi tasa shiga. Amma kada a tashi ba a tsayar da magana ba: kuɗi ba ya sayen jikin kowa, a'a tana nufin a'a, laifi na wanda ya aikata ne. Mai wayo zai kawo cewa ai shirun budurwa yardarta ce. A amsa masa cewa wannan hukunci ne na waliyyi da ke neman izinin 'yarsa a kan aure, bai shafi hannun wani a jikinta ba, kuma a Suratun Nur maza aka fara umarta da runtse ido kafin mata. Ga ɗalibai Kirista, labarin Amnon da Tamar a littafin Sama'ila na Biyu sura 13 yana ɗauke da komai: abokin da ya ba da muguwar shawara, ɗan'uwan da ya ce ta yi shiru, da uban da ya fusata bai yi hukunci ba.

Na shida fushi ne da jin an ƙi ka: alamominsa a jiki, barin wurin, alwala ko wanke fuska, da wanda za a kai wa kuka. Na bakwai waya ce. A gaya musu a fili cewa tura hoton tsiraicin yarinya a WhatsApp, ko ajiye shi, ko yi mata barazana da shi, laifi ne a dokar laifukan intanet ta 2015, kuma wanda ya tura gaba ya shiga ciki. A wannan zaman ake kawo sauran dokoki a taƙaice. Dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane (VAPP) ta 2015 ta amince cewa namiji ma ana yi masa fyaɗe, hukuncinta yana kaiwa ɗaurin rai da rai, kuma taron dangi ba ya gaza shekara 20. Jihar Kaduna a 2020 ta sa dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Kowace jiha da dokarta, sai a nemo ta jiharku. Minti 15 ya isa. Tsoratarwa ita kaɗai ba ta daɗewa a zuciyar matashi.

Zama na takwas da na tara: shiga tsakani

Duk abin da ya gabata share fage ne na waɗannan biyun. A buɗe da hadisin "ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi ko wanda aka zalunta," da bayanin cewa taimakon azzalumi shi ne a hana shi. Wannan yana warware babbar damuwarsu, wato kada a ce sun ci amanar aboki.

Hanyoyin huɗu ne. Magana kai tsaye, gajera, ba zagi: "Haba mutumina, ƙyale ta, wannan ba girmanka ba ne." Kawar da hankali: "Kai, zo, Malam na nemanka," ko a tsaya a tambayi yarinyar nawa ne gyaɗarta har mai takurawar ya gaji. Kiran babba. Sai kuma komawa wajen wadda aka takura wa daga baya: "Sannu, na ga abin da ya faru, in raka ki wajen Malama?" Ƙa'idar tsaro ba ta canjawa: inda akwai wuƙa, ko 'yan daba, ko manya sun fi ɗaya, ba a tunkara. A tara mutane, a kira lambar gaggawa ta 112, a riƙe kamanni da lambar abin hawa.

Ana koyon wannan da wasan kwaikwayo, kuma a nan zaman yake yawan lalacewa. Idan aka sa yaro ya ɗaura ɗankwali ya yi rangwaɗa, aji ya zama gidan dariya, mai tsokanar kuma ya zama tauraro. Maganinsa: a ajiye kujera a matsayin yarinyar, malami na biyu ya fito a mai tsokana, ba taɓa jiki, kuma wasa kada ya wuce minti 2. Malam ya tafa, a tsaya, a tambaya wa zai shiga. Kowane yaro sai ya furta jimlarsa da ƙarfi aƙalla sau 3 a cikin zama biyun, har mai kunya. Malamin da ke wasan kada ya sallama da wuri, ya mayar da martani irin na gaske, "Ƙanwarka ce?" ko "Kai wa ya sa da kai?", don su koyi amsa ta biyu. A makarantar kwana a ƙara misalin siniya da ke kiran ƙaramin yaro kwanarsa bayan an kashe fitila.

Idan yaro ya zo da maganar kansa, a zauna inda ana hango ku amma ba a jin ku. A saurara, a ce "na yarda da kai, ba laifinka ba ne." Kada a tambaye shi me ya kai shi, kada a sa shi maimaitawa a gaban malamai biyar, kada a kira wanda ake zargi a haɗa su. A rubuta kalmominsa yadda ya faɗa, da rana da lokaci, a bi hanyar da aka shirya a ranar.

Zama na goma da auna sakamako

A zaman ƙarshe ake haɗa maza da mata, su fito da dokokin aji guda 5 ko 6, da jadawalin shara da ya haɗa kowa, a gayyato iyayen da aka zauna da su tun farko.

Don auna aiki, a ba su jimloli 10 irin na zama na biyar a makon farko, su amsa ba suna, a maimaita a makon ƙarshe. Sai dai yara suna saurin gane amsar da malam yake so, don haka kada a dogara da takardar. A sa 'yan mata su sake zana taswirarsu a zango na gaba a kwatanta. A duba rajistar zuwansu. A kuma sani cewa ƙorafi ƙaruwa yake yi a farko, saboda yanzu an san inda ake kaiwa. Firinsifal da bai san haka ba sai ya tsorata ya rufe shirin don kare sunan makaranta. A gaya masa tun ranar farko.

Daga rukunin farko a zaɓi yara 5 ko 6 su taya jagorantar na gaba, amma koyaushe da malami a wurin, kuma ba su ne masu karɓar ƙorafi ba. A horar da ƙarin malamai biyu kowace shekara saboda canjin wurin aiki, a sa kuɗin kwali da maka da na motar zuwa asibiti a kasafin ƙungiyar iyaye da malamai, a kuma sake kiran lambobin da ke shafin farko na littafin a makon farko na kowane zango don a tabbatar suna shiga.